Awon Itatuwa a Gadabeji, a Gaban Raƙuman Dawa

Ɗan Burkusuma da ya tafi karatu Maraɗi ya ƙetare iyaka, amma bai bar Gobir ba. Gulbin Maraɗi da ya ratsa Tsibiri da Gidan Rumji shi ne ke gangarowa wajenmu ya haɗu da Rima, kuma tsagar da ke kuncin dattawan can ita ce a kuncin na Sabon Birni. Sai an shiga aji a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo baƙunci ke bayyana, domin da Faransanci ake koyarwa, da shi kuma za ka kare bincikenka.

Nawa binciken a kan itatuwa ne: yadda aduwa da kandili da danya ke sake tofowa a inda dabbobi ke kiwo. Shi ya kai ni gandun dajin Gadabeji, arewa da Dakwaro, wanda aka keɓe tun 1955, mai faɗin kadada dubu 76. Ƙasa ce ta rairayi da ƙarangiya, itatuwa jefi-jefi, Fulani da Buzaye kewaye da ita da garkunansu. Aikin ba shi da wuyar fahimta, wahala ce da shi. Za ka kafa turaku ka ja igiya, ka ƙirga duk icen da ya faɗo ciki, ka auna kaurinsa daidai ƙirjinka, ka rubuta. Kafin hantsi ya dubi ludayi ƙarangiya ta cika ƙafar wando, takardar ma ta yi zafi a hannu. Saboda haka sanyin safiya shi ne jarin mai bincike.

To, shi ne kuma lokacin kiwon raƙumin dawa.

Fari da farauta sun ƙarar da su a Gadabeji tun wajen shekarun 1970. Abin da ya rage na irinsu a duk Afirka ta Yamma yana yankin Kure, kusa da Yamai, inda a tsakiyar shekarun 1990 ba su kai hamsin ba, kafin kariya ta sa su haura ɗari shida. A watan Nuwamban 2018 aka ɗauko takwas daga can a manyan motoci, tafiyar kusan kilomita 800, aka sake su a Gadabeji, don kada ƙaddara ɗaya ta share su duka a wuri guda.

Da muka tarar da uku a cikin igiyata, dattijon ma'aikacin gandun daji da ke raka ni ya dafa min kafaɗa. "Tsaya nan, yaro. Kada ka matsa." Na ce, "Baba, rana na yi." Ya ce, "Icen ba ya tafiya. Zauna ka duba."

Na duba. Fatarsu ta fi wadda muka saba gani a hotuna haske, zanen ja-ja ne, yana dusashewa har ya zama fari a ƙafafu. Babbar macen ta zura harshe mai duhu cikin kandili, ta naɗe reshe, ta zuge ganyen tsaf ta bar ƙayoyi tsaye. In ta taka, ƙafar gaba da ta baya na ɓangare guda suke ɗagawa tare, kamar raƙumin Buzu, sai dai ba ƙarar komai. Da suka wuce, dattijon ya kai ni gindin icen ya karanta min shi daga ƙasa zuwa sama: nan iyakar bakin akuya, nan na raƙumi, can sama kuwa, inda sandarsa ba ta kai ba, cin safiyar nan ne. Reshen da aka sare da gatari don tumaki kuma daban yake, ɗanyen sara a karkace.

Takardar da na zo da ita daga Maraɗi gurbi ɗaya gare ta na ɓarnar dabbobi. Na raba shi huɗu, malamina kuma ya amince. A ganina wannan ne mafi amfanin abin da binciken ya samu, domin ice da akuya ta cinye tun yana tsiro ba zai girma ba, amma wanda aka ci daga sama yana nan da ransa. Wanda ya haɗe su wuri guda zai ɗora wa raƙumin dawa laifin da ba nasa ba, ko ya wanke gatari. Daga nan na daina ganin zaman jira a matsayin asarar lokaci, ko da barewa ce ta gilma ko garken jan biri ya mamaye danyar da zan auna. Ina dai farawa tun asuba, in bar rubutu zuwa dare.

Ba lafiya lau ake wannan aiki ba. A watan Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, kuma tun lokacin fita daji sai da izini da taka-tsantsan. Amma ana fita. Abin da ke ci min rai ke nan in na tuna gida. A ƙauyukan Gidan Rumji na ga mutanen Isa da Sabon Birni da suka yi gudun hijira tun 2019, wasunsu manoman da suka san kowane ice na dajin Gundumi da abin da ke kwana ƙarƙashinsa. Yau ba ɗalibin da zai ja igiyar awo a Gundumi, mafarauta ma sun bar wa masu bindiga shi. Na fara zama da waɗannan dattawa ina rubuta abin da suka sani: inda gada ke shan ruwa, shekarar da suka daina jin kukan kura, kwarin da zabin daji ke ƙwai. Malamina ya ce wannan ba ya cikin kundin digirina, sai na buɗe masa littafi daban.