Ƙofar da ta ƙi rufuwa

Motar da mahaifinmu ya bari ta girme ni. Yayana ne ke tuƙa ta, ni kuwa aikina in yi lodi in kuma yi shiru. A hutun da ya wuce, ranar da za mu kai mahaifiyarmu Maradi ganin likitan ido, na cusa buhu biyu na hatsi a bayanta, waɗanda da kuɗinsu za a biya magani, na danna murfin. Ya dawo sama. Na sake dannawa, na buga da tafin hannu, daga bisani na hau na zauna a kansa. Inna tana kallona daga zaure, ba ta ce komai ba.

Daga Dakoro zuwa Maradi ya haura kilomita 100, ta Kornaka da Tibiri. Yayana ya ce a ɗaure da igiya kamar yadda kowa ke yi. Na ƙi, domin murfi a buɗe yana jawo ƙura da hayaƙin salansa cikin mota, kuma idon da za a kai wa likita ba ya bukatar ƙari. Muka tura yaro ya kira wani dattijon makaniki da ke kusa da tasha.

Ya zo da buhun kayan aiki, ya dubi murfin, ya dube ni. "Mushe," in ji shi, "wa ya yi ta bugun kofur ɗin ga haka?" A Nijar mushe malamin makaranta ne, daga monsieur na Faransanci, amma kowa ya san ɗaya ma'anar, kuma ina zaton dattijon ya nufi duka biyun. Na ce, "Baba, ni ne."

A nan kunnena ya miƙe. Kundin digirina na biyu a kan kalmomin aro ne a bakin masu sana'a, kuma na riga na rubuta a babi na biyu, da gaba gaɗi, cewa garejin Nijar na Faransanci ne, na Najeriya na Ingilishi. Iyakar ƙasa na mayar iyakar harshe saboda ta fi sauƙin zanawa a takarda. Ga shi dattijon ya ce kofur, yaronsa da ya yi koyo a Katsina ya ce but, ba wanda ya gyara wa wani. Ya nemi kile dis, aka miƙa masa sifana lamba goma. Duka kalmomin sun bi ƙa'ida ɗaya: Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, sai ta saƙa wasali a tsakani, clé ta zama kile.

Da ya zo bayanin ainihin ciwon, sai aron ya ƙare. Makullin da ke jikin murfi ya kira shi mace, lanƙwasasshen ƙarfen da ke jikin mota namiji, ɗan abin da ke kamawa a ciki kuma harshe. Nauyin lodi na shekaru ya ture namijin gefe. Ƙura ta haɗu da tsohon man shafawa ta daskare, harshen ya maƙale a rufe tun kafin ya sami abin kamawa, don haka duk bugun da na yi ƙarfe nake gwarawa da ƙarfe. Ya sa sukudireba ya saki harshen, ya wanke shi da fetur, ya shafa giris. Ya sassauta ƙusoshi biyu, ya matsar da namijin kamar faɗin farce, ya ɗaure. Sai ya sa aka fitar da buhu ɗaya aka mayar kujerar gaba.

"Yanzu ya ruhu," in ji shi, da h ɗinmu ta nan. Parsons, wanda ya tsara aikatan Hausa giredi bakwai a 1960, da ya sa wannan a na bakwai: na rufe shi ban iya ba, shi kuma ya rufu. Na sha zana wannan bambanci a allo ga ƴan shekarar farko, ban taɓa jin nauyinsa kamar ranar ba.

Ya karɓi jikka guda. Na roƙe shi in dawo da na'urar naɗar murya, ya ce in zo da safe kafin rana ta yi zafi, in kuma zo da goro.

Mun isa Maradi bayan azahar, yayana na tuƙi, buhu na gefensa, ni da Inna a baya. Layi ya riga ya yi tsawo, sai washegari aka duba ta. A daren, a ɗakin ƙanen mahaifina, na buɗe babi na biyu na ja layi a kan shafi huɗu. Ban faɗa wa malamin da ke duba aikina ba tukuna.