Gidan Amarya A Kan Gangare

Yau labarin wani gida na kawo muku, wanda na shiga a birnin Brno na ƙasar Cek, sunansa Villa Tugendhat. Asalinsa gudummawar aure ce. Grete ta auri Fritz Tugendhat a 1928, sai mahaifinta, attajiri mai masaƙu, ya yanka mata fili a saman lambunsa. Matsalar ita ce filin gangare ne, irin wanda magini zai gani ya tsuke baki.

Mai zanen gidan, Bajamushe Mies van der Rohe, bai ce a baje tudun ba, ya bi shi yadda Allah Ya yi shi. Daga titi sai ki rantse ɗan gida ne mai hawa ɗaya, alhali hawa uku ne. Ƙofar shiga da ɗakunan kwana suna sama daidai da titi. Falo kuwa sai kin sauka matakala.

Tirƙashi! Ina sauka na tsaya na riƙe baki. Makeken falo ne, siraran ginshiƙan ƙarfe ke ɗauke da nauyin ginin, shi ya sa bangon da ke kallon lambu gilashi ne zalla. Biyu daga gilasan, in an danna maɓalli, sai su nutse cikin ƙasa, iskar lambu ta shigo. Akwai kuma bangon dutse mai ruwan zuma da aka kawo daga Maroko, idan ranar yamma ta dake shi lokacin sanyi sai ya yi ja kamar garwashi. Can nesa ga gari shimfiɗe.

Sun tare a 1930. Amma kun san duniya rawar 'yan mata ce. Yahudawa ne, a 1938 tsoron 'yan Nazi ya sa suka tsere da 'ya'yansu zuwa Suwizalan, daga baya Benezuwela. Shekara 8 kacal ta yi a ɗakinta. A 1945 har dawakin sojoji aka ɗaure a gidan. Yanzu gidan tarihi ne, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2001.

To ƙawata mai mafarkin kantamemen gida, ki roƙi Allah Ya haɗa miki da zaman lafiya. Grete ta samu gidan, zaman ne ya gagara.