Autanmu da kazar Umma

Autanmu yana da shekara 8, kuma a gidanmu babu wanda bai san kalmar dainoso ba, har kakarmu. Yana ɗan shekara 4 likita ya shaida mana cewa yana da lalurar galahanga, wadda ake kira otizim. Ba ya son haɗa ido da mutane, ƙarar janareta tana sa shi toshe kunne, kuma a lokacin da wuya a ji ya haɗa kalmomi uku.

Wani hutu da muka dawo daga jami'a, mu yayyensa muka yi masa tsarabar dabbobin roba, cikinsu har da dainoso guda biyar. Tun daga ranar ya liƙe musu. Kullum sai ya jera su daga babba zuwa ƙarami, idan aka taɓa ɗaya kuwa gidan ba ya zaunuwa.

Maganar gaskiya, mun gaji. Wasu maƙwabta suka ce kayan ne ke ƙara kange shi daga mutane, mu ma muka yarda, muka ɓoye su. Kwana uku yaron nan bai ci abincin kirki ba, 'yar maganar da yake yi ma ta ɗauke. Umma ta kira mu ta ce, "Ku mayar masa da kayansa. Abu ɗaya yake iya yi muku hira a kai, shi ne kuka ƙwace."

Kunya ta kama mu. Sai muka koma neman sanin abin da yake so, muka tarar ashe labarin na kusa da gida ne. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, an tono ƙasusuwan wani dainoso da masani Paul Sereno na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa suka raɗa wa suna Nigersaurus a 1999. Tsawonsa ya kai mita 9, haƙoransa sun haura 500, kuma ya rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce yana cin tsirrai. Mun kuma karanta masa cewa manyan dainoso sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 baya, amma tsuntsaye tsatsonsu ne. Washegari muka same shi a tsakar gida ya ƙura wa kazar Umma ido. Ya ce, "Yaya, wannan ma dainoso ce." Ba mu taɓa jin ya fara yi mana magana da kansa ba sai ranar.

Da haƙoran Nigersaurus ya koyi ƙirga har 500. Da sunayensu masu wuyar faɗi ya fara haɗa baƙi. Yanzu idan ya gama aikin makaranta muna ba shi minti 15 na hirar dainoso, shi ya yi tambaya, mu ma mu yi, a haka yake koyon jiran wani ya gama magana.

Lalurar tana nan, har yau janareta na firgita shi. Amma ga masu ƙani irin namu, kafin ku ƙwace abin da ya liƙe wa, ku zauna ku tambaye shi sunansa. Mu dai mun fara tara kuɗi a asusu, don mun ji cewa gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yana da ƙwarangwal ɗin dainoso, kuma mun yi masa alkawarin zai gani da idonsa.