Ƙyallin Mota da Lafiyar Mai Fenti

Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babbar hanyar nan da ta taso daga Kano, ta bi ta Wudil, ta ratsa Birnin Kudu ta nufi Potiskum da Maiduguri, lalle ya ga motoci iri biyu. Akwai wadda za ta wuce tana ƙyalli kamar madubi, akwai kuma wadda rufinta da bonet ɗinta sun yi fari-fari suna saɓa kamar fatar maciji. Sau da yawa shekarun motocin nan ɗaya ne. Bambancinsu yana wurin wani ruwa marar launi da ake fesa wa mota a ƙarshen fenti, wanda masu sana'ar suke kira kiliya. To, a kan wannan ruwa da masu fesa shi nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ɗan bayani, domin akwai ilimi a cikinsa, akwai kuma haɗari.

Ni mutumin Gwaram ne, kawuna kuwa mai fentin mota ne a Birnin Kudu. Da aka ba mu dogon hutu, mahaifina ya ce ba zai iya ganina ina zaman kashe wando a gindin bishiya ba, sai ya tura ni wurin Kawu in riƙa miƙa masa kayan aiki. Yawancin motocin da ake kawowa na haya ne, irin waɗanda ke jigilar mutane da buhuna zuwa kasuwar Sara da Basirka, da masu zuwa Dutse da Kano. Wata akuya ce ta gitta mata ta faɗa rami, wata an goge ta a tasha, wata kuwa rana ce kawai ta cinye ta.

Kafin mota ta kai ga kiliya sai ta bi matakai. Da fari fanel bita zai bubbuge inda ta lotsa. Sa'an nan a cike sauran ramukan da bodi fila, in ya bushe a goge da samfefa har hannu ya daina jin tudu ko kwari. Daga nan a fesa firaima, watau fentin ƙasa mai kama ƙarfe ya hana shi tsatsa, a sake gogewa. Bayan haka a rufe gilasai da fitilu da tsofaffin jaridu da salatif, a fesa launin da mai mota yake so. Abin da ya ba ni mamaki ran farko shi ne, launin nan in ya sha iska ba ya ƙyalli ko kaɗan, dishi-dishi yake kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Sai an ɗora masa kiliya sa'an nan ya farka. Kaurin kiliyar nan kuwa bai kai na takardar littafin rubutu ba, amma ita ce ke tare wa launi zafin rana da ruwan sama da kashin tsuntsu.

Ba haka ake fenti a da ba. Motocin farko da buroshi ake shafa musu fenti, a yi makonni ana jiran ya bushe. A 1924 kamfanin General Motors na Amurka ya fara fitar da motoci da wani fenti mai suna Duco, wanda ake fesawa ya bushe da wuri. Shekaru da yawa bayan nan launi da ƙyalli a gwangwani ɗaya suke. Kawu ya ce da irin wannan fenti ogansa ya koya masa aiki, a kan motocin Fijo da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. A shekarun 1980 ne kamfanonin ƙera motoci suka koma raba aikin biyu, launi daban, kiliya daban. Da motocin Kwatano suka cika ƙasar nan, dole masu fentinmu suka koyi sabuwar hanya, wanda ya ƙi koyo kuwa kasuwa ta bar shi.

Ita kiliya ba ta bushewa da kanta. Sai an haɗa ta da wani ruwa da ake kira hadina, su biyun su kama juna su daskare su zama abu ɗaya mai tauri, kamar yadda siminti ke yi in ya gamu da ruwa. A nan na ga amfanin lissafin da ake koya mana a aji. In gwangwani ya ce 2 da 1, to awo 2 na kiliya ne da awo 1 na hadina, wani kuma 4 da 1 yake cewa. Wani lokaci a ƙara ɗan tina don ruwan ya tsinke. In hadina ta yi kaɗan, fenti zai daɗe yana danƙo, in ta yi yawa ma aikin ba zai yi ƙarko ba. Kuma da zarar an haɗa, sai a yi aiki da shi cikin 'yan sa'o'i, in ba haka ba ya daskare a cikin bindigar feshi. Da bazara ma lokacin ya fi gajarta, domin zafi yana hanzarta shi. Saboda haka Kawu ba ya haɗa abin da ya wuce buƙatarsa, don kayan daga Kano ake sayo su, a wajen Ƙofar Ruwa, kuma ba su da araha.

Fesawar kanta ita ce inda ake gane gwani. Ana riƙe bindiga nesa da jikin mota kamar tsawon taƙi ɗaya, watau santimita 15 zuwa 20, bakinta na kallon ƙarfen sosai. Hannu ya tafi a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da tsayawa ba, kowane layi ya hau kan rabin wanda ya gabace shi. In an gama shafi na farko a dakata kamar minti 10 ya sha iska, sa'an nan a yi na biyu, wanda ya fi jiƙa. Wanda ya matso kusa ƙwarai ko ya yi nawa, kiliya za ta taru ta gangaro kamar hawaye. Wanda ya ja da baya ko ya yi sauri, sai ta sauka a bushe, jikin mota ya fito ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo. Wanda ya yi gaggawar ɗora shafi na biyu, tinar da ke ƙasa za ta nemi hanyar fita ta huda fenti da ƙananan ramuka. In kuma ruwa ko mai ya biyo iskar kwamfiresa, sai ka ga ɗige-ɗige kamar idon kifi. Shi ya sa aikina na farko kowace safiya shi ne in kwance ƙasan tankin kwamfiresa in zubar da ruwan da ya taru.

Babban abokin gābar mai fenti a ƙasarmu shi ne ƙura. A manyan birane akwai masu ɗaki na musamman, rufaffe, mai tace iska, mai ɗumama mota har fenti ya gasu. Mu kuwa rumfar kwano ce da buhuna a kewaye. Don haka sai dabara. Tun da asuba muke yayyafa wa ƙasa ruwa, a yi feshi da sassafe kafin iska ta taso, kafin kuma babura su fara tayar da ƙura. Kawu ya ce da hunturu akwai ranakun da ko an ba shi kuɗi ba zai taɓa bindiga ba. Damina ma da tata matsalar, domin laima tana sa kiliya ta yi hazo-hazo, ga ƙwari masu son faɗawa kan ɗanyen fenti. In ƙura ta riga ta hau, sai a bari ya bushe sarai, a goge da samfefa mai laushi ƙwarai, lamba 1500 ko 2000, da ruwa, sa'an nan a bi da man goge fenti har ƙyalli ya dawo.

Wata rana wani direba ya kawo motarsa, ya ji kuɗin aiki, ya ce sun yi yawa. Ya ce, "Haba Oga, ai kiliya kiliya ce, sa mini mai arahar kawai, shafi ɗaya ya isa." Kawu ya kai shi bayan rumfa ya nuna masa wani bonet da ya saɓe, ya ce, "Alhaji, wannan ma haka mai shi ya ce. In ta fara saɓa ba man da zai gyara ta, sai an kankare an sake, ka ga ka biya sau biyu ke nan." Direban ya yi shiru, can ya ce a yi mai kyaun. Na tambayi Kawu dalilin da ya sa kullum rufi da bonet ke fara lalacewa. Ya ce, "Ɗana, su ne ke kallon sama." Na tuna da zanen shanun nan na mutanen da, da ke jikin duwatsun Habude da Mesa a nan Birnin Kudu. Sun daɗe ƙwarai ba su goge ba, domin a ƙarƙashin inuwar dutse aka yi su. Mota ba ta da dutsen da za ta fake, kiliyar nan ita ce inuwarta. Don haka iyayenmu masu mota su riƙa ajiye ta a inuwa, kada su goge ƙura da busasshen tsumma, kada kuma su wanke ta da garin sabulun wanki.

Yanzu sai in zo kan abin da ya fi damuna. A cikin hadinar nan akwai wani sinadari mai suna aisosayanet. In an fesa, yana tashi cikin iska kamar hazo mai laushin da ido ba ya gani, kuma yana nan yana yawo ko bayan an ajiye bindiga. Wanda ke shaƙarsa yana iya kamuwa da ciwon fuka, watau asma. A Ingila, masu fentin mota suna cikin ma'aikatan da aka fi samu da wannan ciwo ta dalilin sana'a. Mugun halinsa shi ne sau da yawa ba ya nuna kansa a wurin aiki. Sai mutum ya koma gida ya kwanta, tari ya taso, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fito. Sai a ce sanyi ne ya kama shi. In kuwa jiki ya riga ya ƙi sinadarin, to ko ɗan kaɗan ya shaƙa ciwon zai tashi.

Akwai wani babban yaron Kawu, wanda kowa ya yarda hannunsa ya fi na kowa faɗawa a feshi. Shekara 6 yana koyo, saura ƙiris a yaye shi ya buɗe nasa wurin. Ban same shi a garejin ba, sai dai yakan zo gaisuwa, ya tsaya can nesa a bakin titi, domin in ya matso ranar ba zai yi barci ba. Yanzu rake yake sayarwa a tasha. Tun daga kansa Kawu ya sayi takunkumi mai gwangwanin gawayi, yana canja gwangwanin a kai a kai, kuma ya hana kowa tsayawa a rumfa in ana feshi. Ni kaina daga nesa nake kallo, ta inda iska ke fitowa. Wanda ya fi kowanne tsaro shi ne takunkumi mai tiyo da ke kawo wa mutum iska mai tsabta daga waje, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin masu rumfa.

Amma a wurare da yawa har yanzu za ka ga yaro ƙarami ya ɗaura hankici a hanci yana feshi, in ya gama a ba shi madarar gwangwani wai ta wanke masa ƙirji. Duk wanda ya yi darasin jikin ɗan Adam ya san madara ciki take tafiya, hazon fenti kuwa huhu yake shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Hankici ma ba ya tare shi. Haka nan wanke hannu da tina ko fetur yana busar da fata ya tsattsaga ta. Ga kuma wuta, domin tina ba ta shiri da sigari ko tartsatsin walda.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, kada mu raina mai sana'a don mun gan shi da tufafi masu dabbare-dabbare. A rumfar nan na ga lissafi da kimiyya da sanin yanayin ƙasa suna aiki tare, kuma da kuɗin fentin nan Kawu yake ciyar da gidansa har ya sa 'ya'yansa a makaranta. Mu da Allah ya ba mu karatu, abin da za mu iya taimakawa da shi shi ne mu karanta wa 'yan'uwanmu abin da aka rubuta a jikin gwangwani, domin gargaɗin yana nan da Turanci, ba mai karanta musu ne kawai.

Ku kuma iyayenmu, in za ku kai yaro koyon wannan sana'a, ku kai shi, sana'a ce mai albarka. Amma ku tambayi ogan ko yana da takunkumin kirki, ku kuma sa kunne da dare. In kun ji yaro yana tarin da ba ya yi ran da bai je aiki ba, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe, ku kai shi asibiti, ga na tarayya nan a Birnin Kudu, ku kuma gaya wa likita irin aikin da yake yi. Mota in fentinta ya lalace ana kankarewa a sake, huhu kuwa ba a sayar da shi a Ƙofar Ruwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba masu sana'a sa'a, ya kare lafiyarsu, mu kuma ya ba mu ilimi mai amfani, amin.