Maigadin Cikin Kaset

A 2001 takardar bautar ƙasa ta jefa ni jihar Inugu. Shekara guda ke nan da rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 da ramuwar gayyar da ta biyo baya a Aba, don haka ba wanda ya yi guɗa a gidanmu. Sai dai abin da ya hana Inna barci kaset ne. Shekarun baya ta kalli Living in Bondage a gidan maƙwabta, fim ɗin nan na 1992 da wani ya sadaukar da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi. Da harshen Ibo aka yi shi, ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta ga jini, ta ga fatalwar matar tana bin mijin. Ranar tafiyata ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, kada ka ci naman kowa, kada magariba ta same ka a waje." Na yi mata dariya, alhali ni ma cikina ya ɗuri ruwa.

Bayan sansanin Awgu aka tura ni koyarwa wani ƙauye mai jar ƙasa, ga itatuwan kwakwar manja ko'ina. Ɗaki na kama a gidan wata tsohuwa da kowa ke ce wa Mama. A makon farko, tsakar dare, sai ganguna, sai ƙarar bindiga, sai kukan mata. Na tura tebur na tokare ƙofa. Na zauna a ƙasa, gumi ya jiƙa rigata, ina jan Ayatul Kursiyyu harshena na sarƙewa, duk abin da na taɓa gani a kaset yana dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Gari ya waye, ashe wani dattijo ne ya rasu, kuma a can haka ake sallamar manya.

Su ma, ashe, da nasu kaset ɗin. A bakin kasuwa akwai rumfar kallo mai janareta, tana warin fetur da zufa. Wani dare aka sa fim, sai ga maigadin gidan attajiri: hula a karkace, rediyo manne a kunne, goro a baki, yana gyangyaɗi, in ya buɗe baki Turancin ya fito a kakkarye. Rumfar ta kece da dariya, kawuna suka juyo kaina. Washegari wani ɗalibina, ba da rashin kunya ba, ya tambaye ni da sunan da suke kiran masu bautar ƙasa, "Kofa, gidan wa ka yi wa gadi kafin ka yi karatu?"

A lokacin na ɗauka ƙiyayya ce. Ban fahimci cewa ciniki ne ke tafiya ba. 'Yan kasuwar Idumota a Legas da na titin Iweka a Anacha su ke zuba kuɗin fim a wancan zamanin, a ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, kuma duk abin da ya ba da dariya ya sayu, shi za a maimaita a na gaba. Yaron nan bai taɓa zama da Bahaushe ba sai na cikin talabijin. Ni kuwa na tashi kusa da Sabon Garin Kano, na sha sayen kayan gyaran babur a hannun Ibo, amma ban taɓa taka falon ɗayansu ba. Kuma ai mu ma a finafinanmu muna da Baban Chinedu da gurɓatacciyar Hausarsa, mun kwashi dariya ba mu ga laifi ba.

Sai da muka shaƙu, ina cin doyarta da manja, Mama ta faɗa mini gaskiya: jin Bahaushe zai sauka a gidanta ya sa ta kwashe wuƙaƙen ɗakin girki ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Wato daren da na tokare ƙofata, ita ma tata a kulle take saboda ni.

Wani tsohon malami a makarantar ne ya ba ni labarin Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, wanda mutanen Inugu suka zaɓa ya zama magajin garinsu na farko a shekarun 1950. Na yi firamare, na yi sakandare, na yi jami'a duk a Arewa, amma a bakin wannan dattijon Ibo na fara jin sunansa.