Saƙon da Ya Ci Mana Iri

A gidanmu ni ne mai babbar waya. Tun da na samu gurbin karatu a Poli, duk abin da ya shige wa Baba duhu, daga farashin taki har labarin gwamnati, sai ya sa ƙanena ya kira ni: "Kai, ɗan boko, me wayarka ta ce?" Baba manomi ne a wani ƙauye ta wajen Rimi, kuma geron gonarsa ne ke biya mini kuɗin rajista.

Bara, cikin watan Mayu, wani ya turo hoto a zauren WhatsApp na ajinmu. Ga taswira, ga launuka, ga rubutun Turanci wai damina ta kankama a Arewa, manoma su fita shuka. Daren ranar kuwa aka yi ruwa mai ƙarfi a Katsina. Ban tsaya wata-wata ba, na kira gida.

"Baba, masana sun ce ruwa ya zauna. A shuka kawai."

Ya yi jim, ya ce, "Ɗan nan, ruwan farko mayaudari ne fa."

Na ce, "Haba Baba, wannan ai na'ura ce ta gano."

Ya bar sanin shekara arba'in ya bi maganata. Tsiro ya fito gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke. Kusan mako uku ko yayyafi babu, shuka ta ƙone ƙurmus. Sai da aka sayar da akuyar Inna aka sayi wani irin. Da na koma na duba hoton nan da kyau, wallahi babu kwanan wata a jikinsa, babu sunan jiha, babu wanda ya fitar da shi. Wanda ya turo ma cewa ya yi shi ma turo masa aka yi.

Baba bai yi mini faɗa ba. Shirun nan nasa ne ya sa na shiga bincike. Ashe Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon kowace shekara: lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowace jiha, tsawon daminar, da inda ake fargabar ɗaukewar ruwa bayan shuka. A nan ƙuryar Arewa, galibi sai watan Yuni ya kama ruwa ke zama. Tana kuma sa hasashen kullum a shafukanta na Facebook da X, kyauta. Labarin gaskiya yana cikin wayata tuntuni, na tsallake shi na ɗauki na bakin hanya.

Yanzu kafin in tura saƙon yanayi, tambaya uku nake masa: wa ya fitar da kai, yaushe, kuma don wane gari? In ya kasa amsa ɗaya, ya mutu a wayata. In ya amsa, ba hoton nake turawa ba, don Baba ba ya karanta Turanci. Murya nake naɗa da Hausa, minti ɗaya, in faɗi rana, in faɗi wuri. Na kuma daina cewa "za a yi ruwa". Cewa nake "ana sa ran ruwa", don hasashe ba alkawari ba ne.

Kada mu ɗauka abin ya tsaya a gona. A watan Yulin 2018 ambaliya ta auka wa Jibiya cikin dare, mutum fiye da 40 suka rasu. Wanda ke kwana kusa da rafi ko cikin ginin ƙasa, gargaɗin ruwa mai ƙarfi in ya iso shi da wuri, cikin harshen da yake ji, yana iya zama silar tsirarsa. Amma in mun saba cika wa mutane kunne da ƙarya, ranar da na gaskiya ya zo ba mai motsawa.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu mu ne masu babbar waya a gida, kuma an yarda da mu fiye da yadda muke zato. Bana da na tura wa Baba muryar, ya saurara, ya fita ya dubi gabas, ya tona ƙasa da yatsa ya ga iya inda laima ta kai, sannan ya ce, "To, yau kai da gonar bakinku ya zo ɗaya."