A Toshe Batsa, Amma a Duba Wa Ake Ba Makullin

A watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai ta karɓi ƙudurin Dalhatu Tafoki, ɗan majalisa daga Katsina, ta nemi hukumar sadarwa ta NCC ta toshe shafukan batsa a intanet. Da rediyo ya kawo labarin nan Dagumawa, duk wanda ke kan tabarma bayan Magariba sai da ya ce alhamdulillahi, har da ni. Wane uba ne zai so ɗansa ɗan shekara goma ya ga abin da kakansa ya mutu bai taɓa gani ba? Sai dai 'ya'yana, ku da kuke renon ƙanana yanzu, akwai abin da na gani da idona wanda ya sa ba na saurin tafa wa irin wannan doka sai na karanta gindinta.

Yawancinku kuna yara a 2007. A shekarar ne wani bidiyon tsiraici na wata 'yar fim ya ɓulla a Kano, yana tsalle daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Ba fim ba ne, ba kamfani ya shirya shi ba, wani ne ya ɗauka da wayarsa a ɗaki. Gari ya ɗauki zafi, kuma da gaskiyar mutane. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kan Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa tun 2001, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni. Kafin nan ma, a cikin shekarar, an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata.

To, su wa suka kwana a gidan yari? Adam A. Zango ya shiga a 2007. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan yankin nan namu da ya sa mu dariya har hawaye, ya shiga a 2008 kan fim ɗin barkwanci. Hamisu Lamido Iyantama, wanda ya yi takarar gwamna kuma bakinsa bai yi shiru kan hukumar ba, an yanke masa hukunci a ƙarshen 2008 kan Tsintsiya, fim ɗin da ke kiran zaman lafiya tsakanin ƙabilu. Daga baya babbar kotu ta soke hukuncin. Ban ce 'yan fim waliyyai ba ne. Akwai rawar da ni kaina nake kashe talabijin idan ta zo. Amma shi bidiyon da ya tayar da ƙurar, ba a iya kamo shi ba. Yana nan cikin aljihunan mutane, wasunsu ma masu zagin ne da rana. Tun daga lokacin nake lura: wuƙar da aka wasa don yanka kaza, in ta daɗe a hannun mai mulki, ba ta tsayawa a kan kaza.

Ku dubi Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015. Sashe na 23 ya haramta hotunan batsa na yara da kuma yaudarar yaro ta waya don lalata shi. Wannan sashe ne da ya kamata kowane uba ya haddace. Amma wanda ya yi suna shi ne maƙwabcinsa, sashe na 24, wanda aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar shugabanni da shi, har aka yi masa gyara a 2024. A nan Kano, a Nuwamba 2022, kotu ta sa aka yi wa matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu. Ba batsa suka yi ba. Gwamna suka yi wa shaguɓe. Tsarin mulki na 1999 ya ba mu 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi don kare tarbiyyar jama'a. Duka biyun daidai ne. Rigimar tana wurin wanda zai ce wannan magana ta ɓata tarbiyya, waccan ba ta ɓata ba, da kuma inda za ka kai ƙara in ya zalunce ka.

Sannan ita toshewar kanta tana da huji. Da gwamnatin Buhari ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, abin da matasa suka koya shi ne VPN, manhajar tsallake toshewa, kuma ba su manta ba. Ingila ta bi wata hanya: daga Yuli 2025 sai ka tabbatar da shekarunka kafin shafin batsa ya buɗe maka. Ya fi rufe baki ɗaya hankali, don ya nufi ƙofar da ake nufi ne kawai, amma can ma an yi rububin sauke VPN, wasu kuma suna tambayar inda hoton katin shaidarsu zai ƙare.

Mu a nan, ta ina abin yake shigowa? Yaron Dagumawa bai da kuɗin data da zai zauna yana lalube. Ta memori yake shigowa. Ranar Juma'a a kasuwar Wudil ana kai waya a caja, a tura waƙoƙi da fassarar fim ɗin Indiya. Mafi yawan masu wannan sana'a halal ɗinsu suke nema, amma ɓata-gari ɗaya tak ya ishi unguwa. Yana shigowa ta wayar yaya da aka bari a caji, ƙane ya ɗauka wai zai yi gem. Ta manhajar Xender a bayan aji. Ta guruf ɗin WhatsApp da wani ya jefa yaro ciki ba tare da an tambaye shi ba. Babu injiniyan NCC da zai tare waɗannan daga Abuja.

Don haka ga abin da nake roƙonku. Kada ku saya wa yaron da bai gama ƙaramar sakandare ba babbar waya don kawai ɗan maƙwabci yana da ita. 'Yar Nokia ta isa kira. In dole ne, ku sa a kunna masa Family Link na Google, ku riƙe lambar sirrin. Ba ka iya ba? Ɗaliban jami'ar Aliko Dangote ga su nan kusa, ba za ka rasa ɗan'uwa a cikinsu ba. Waya ta kwana a ɗakin uwa. Ku iyaye maza kuma ku tsabtace naku wayoyin, don yaro ya san zanen da kake buɗe taka da shi tun kafin ya iya karatun Fatiha sosai. Masu unguwa da limamai su zauna da masu tura fina-finai, a yi yarjejeniya a fili cewa ba a tura wa yaro komai sai da babba a tsaye.

In kuma ka kama yaronka ya gani, aje dorinar tukuna. Na koyar da yara shekaru masu yawa, kuma wanda aka zane kan irin wannan, abin da ya koya shi ne goge tarihin waya. Zaunar da shi, ka tambaye shi wa ya tura masa. Amsar ta fi laifin muhimmanci. Idan sa'ansa ne, je ka ga ubansa cikin sirri, ba a majalisa ba. Idan babba ne, wanda ke ba shi kati da 'yan kuɗin kashewa yana cewa kada ya faɗa a gida, to maganar ta wuce sasancin dattawa. Kada ka goge saƙonnin, kada ka mayar wa yaron wayar, ka ɗauke ta yadda take ka kai ofishin 'yan sanda na Wudil, ka tafi da mai unguwa ya zama shaida.